Kundin aiki: daidaita tsakure da madogara a shafukan HTML

3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da ke gabanmu shi ne mayar da tarin maƙalu da aka daɗe da ɗorawa a intanet zuwa tsarin HTML na yanzu, wato harshen tambura da ake gina shafukan intanet da shi, kuma kason da ya faɗo hannuna shi ne duk wurin da marubuci ya ɗauko maganar wani ko ya ambaci littafin da ya dogara da shi. Na fara da karanta rubutun shafukan daga ciki, ba yadda suke bayyana a allo ba, domin a allo kusan komai yana kama da daidai. Daga ciki kuwa abin ya sha bamban. Tambarin blockquote, wanda aka tanada domin tsakure mai tsawo, an yi amfani da shi a wurare da dama don kawai a tura rubutu ciki: akwai sanarwar edita a cikinsa, akwai taƙaitaccen tarihin marubuci, har da jerin ranakun taro. A wasu shafukan an cusa blockquote cikin wani blockquote domin rubutun ya ƙara matsawa. A ɗaya ɓangaren kuma ga tsakure na gaskiya, maganar wani ce tun daga farkonta har ƙarshenta, amma an bar ta a sakin layi na yau da kullum an karkata haruffanta kawai.

Dalilin wannan ɗabi'a sananne ne. Burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, tana bai wa blockquote tazarar fiksel 40 a hagu da dama ba tare da an umarce ta ba, kuma kafin CSS, harshen tsara kamannin shafi, ya yaɗu babu hanyar tura rubutu ciki da ta fi wannan sauƙi. Ƙa'idar HTML 4.0, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar a watan Disamba na 1997, ta riga ta yi hani da hakan ta ce a koma ga CSS, amma shafukan da muka gada ba su bi ba. Matsayar da na ɗauka a yau ita ce, blockquote ba zai zauna ko'ina ba sai inda kalmomin da ke ciki na wani ne kuma an ɗauko su daga wani wuri. Sauran duk za su koma sakin layi ko div, tambarin haɗa rubutu marar ma'ana ta kansa, CSS ya yi musu tazarar da suke so.

6 ga Fabrairu, 2025

Rarrabewar ta fi yadda na zata wuya, saboda akwai rubutun da yake kama da tsakure alhali ba shi ba ne. Na farko shi ne jimlar da edita ya ciro daga cikin maƙalar kanta ya girmama haruffanta a tsakiyar shafi don ta ja hankali. Wannan jimla maimaici ce, ba daga wani wuri ta zo ba, kuma ƙa'idar HTML ta ambaci irinta cikin abubuwan da suka dace da tambarin aside na rubutun gefe, don haka can na mayar da su. Na biyu shi ne hira, inda mai tambaya da mai amsa suke karɓa-karɓa. Wannan shi ne ainihin rubutun shafin, saboda haka kowace amsa ta zama sakin layi mai sunan mai magana a farkonsa. Baitocin waƙa da marubuci ya kafa hujja da su kuwa tsakure ne, sun zauna a blockquote, kowane baiti a sakin layinsa, ɗangwayen kuma an raba su da br, tambarin yanke layi, domin yankewar layi a waƙa wani ɓangare ne na rubutun.

Na kuma gano sababin wani giɓi da ke bayyana a ƙarƙashin tsakure da yawa. Masu rubutun farko sukan buɗe sakin layi, su rubuta jimlar gabatarwa, su saka blockquote a ciki, sannan su rufe sakin layin. HTML bai yarda blockquote ya zauna cikin p, tambarin sakin layi, ba. Da zarar burauza ta ci karo da buɗewar blockquote sai ta rufe sakin layin da kanta, idan kuma ta iso tambarin rufewa da marubuci ya rubuta daga baya, ta tarar babu sakin layin da ke buɗe, sai ta ƙirƙiri wani fanko ta rufe shi nan take. Fankon nan shi ne ke ƙara tazara a duk inda CSS ɗinmu ya ba sakin layi tsayi ko cikon ƙasa. Gyaran bai wuce rufe p kafin a buɗe blockquote ba.

11 ga Fabrairu, 2025

Yau na shiga gajerun tsakure da ke cikin jimla, inda ake da zaɓi biyu: ko a rubuta alamomin buɗe zance da rufe zance da hannu, ko a yi amfani da tambarin q burauza ta saka su. Tambarin q ya shigo ne tare da HTML 4.0, amma ya daɗe ba a aminta da shi ba, domin burauzar Internet Explorer ba ta saka masa alamomin ba sai a siga ta 8 da ta fito a 2009, kuma a tsawon waɗannan shekaru mai karatu da ita yakan ga maganar wani ta narke cikin maganar marubuci babu iyaka. Wasu masu shafukanmu sun yi ƙoƙarin kauce wa matsalar ta hanyar haɗa biyun, wato q da kuma alamomin hannu, shi ya sa a burauzar yau tsakurensu ke fitowa da alama biyu a farko biyu a ƙarshe. Ƙa'idar yanzu ta fito fili a kan wannan: kada alamar zance ta zo gab da q, ko a bayansa, ko a cikinsa. Ta kuma ce amfani da q ba wajibi ba ne, rubuta alamomin da hannu daidai yake da shi a inganci.

Na auna su biyun a kan maƙala ɗaya mai yawan tsakure. Amfanin q a bayyane yake idan magana ta shigo cikin magana, domin burauza tana sauya alamar ciki zuwa mai ƙwaya ɗaya da kanta, kuma da layi ɗaya na CSS, ta hanyar sifar quotes, ana iya sauya kamannin alamomin dukan shafuka. Illarsa ita ce alamomin ba sa cikin rubutun, ƙirƙirarsu ake yi lokacin nunawa. Na kwafi sakin layi daga shafin na liƙa a manhajar rubutu, sai na ga a wata burauzar alamomin sun biyo, a wata kuma sun ɓace, kalmomin wani suka zama kamar na marubucin maƙala. Ga tarin da ɗalibai da masu bincike za su riƙa kwafa daga cikinsa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Mutum zai iya jingina wa marubuci abin da shi ma ɗaukowa ya yi, ba tare da ya san ya yi hakan ba.

Saboda haka na zaɓi alamomin hannu, masu lanƙwasa na Unicode, U+201C a buɗewa da U+201D a rufewa. Ga maganar da ke cikin magana kuwa akwai abin lura a rubutun Hausa: alamar rufewa mai ƙwaya ɗaya, U+2019, ita ce kuma manhajoji suke sakawa a kalmomi irin su 'yan da ma'ana, don haka rubutun da na tsara don ya binciko tsakuren da aka buɗe ba a rufe ba ya yi ta kuka a kan kalmomin da ba su da laifi. Manhajar da ke lanƙwasa alamomi da kanta ma takan ɗauki ta farkon 'ya'ya a matsayin buɗe zance ta juya ta baibai. Na kashe wannan lanƙwasawa ta atomatik gaba ɗaya, na koya wa rubutun binciken ya tsallake alamar da ke tsakanin haruffa biyu ko gaban harafin y a farkon kalma. Inda marubuci ya saka kalma cikin alamomin zance don ba'a ko nuna shakku, na bar ta yadda take, tunda dama can q bai halatta a irin wannan wuri ba.

19 ga Fabrairu, 2025

Mun yi doguwar muhawara da abokiyar aikina mai duba rubutu a kan tambarin cite. A shafukan da muka gada an naɗe sunayen mutane da shi, an naɗe sunayen littattafai, wani lokaci an naɗe layin madogara gaba ɗaya, tun daga sunan marubuci har lambar shafi. Ita tana ganin a bar sunayen mutane a ciki, hujjarta kuwa ita ce wanda ya faɗi magana shi ne madogara ta farko, littafi mazubi ne kawai. Hujjar tana da tushe a tarihi. Tambarin cite yana cikin HTML 2.0 na 1995, kuma misalin da ƙa'idar HTML 4.01 ta 1999 ta bayar ya naɗe sunan shugaban Amurka Harry Truman da shi. Sigar HTML5 da W3C ta tabbatar a watan Oktoba na 2014 ita ma ta yarda a saka sunan marubuci a ciki. Ƙungiyar WHATWG kuwa, wadda ke riƙe da ƙa'idar da ake sabuntawa kullum, ta tsaya a kan cewa cite na sunan aiki ne kaɗai, littafi ko maƙala ko waƙa ko fim ko zane, kuma ta faɗa ƙarara cewa sunan mutum ba sunan aiki ba ne. A watan Mayu na 2019 ƙungiyoyin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta mayar da sigar WHATWG ita ce ƙa'ida ɗaya tilo, don haka saɓanin ya ƙare a kan takarda, ko da yake bai ƙare a tsakanin masu gina shafuka ba.

Ni ba yarjejeniyar ce ta fi rinjayata ba. Burauza tana karkata haruffan duk abin da ke cikin cite, kuma a al'adar ɗab'i sunan littafi ake karkatawa, ba sunan mutum ba. Idan aka naɗe duka biyun da tambari ɗaya, sai an sake ƙirƙiro aji a CSS don a miƙar da ɗaya, kuma rubutun da nake so ya tattaro mana jerin ayyukan da aka ambata a dukan tarin zai kwaso mutane da littattafai a haɗe. Mun tsaya a kan cite ga sunan aiki kawai, sunan mutum kuma ya zauna a rubutu tsagwaronsa. Sunan maƙala da ke cikin mujalla, wanda aka saba sakawa cikin alamomin zance maimakon karkatawa, shi ma ya shiga cite da aji na daban wanda ke miƙar da haruffan.

Tambaya ta biyu ita ce inda layin madogara zai zauna. Tsohuwar sigar W3C ta yarda a saka shi a footer, tambarin bayanin ƙasa, cikin blockquote, kuma shafuka da yawa a duniya haka suke har yanzu. Ƙa'idar yanzu ta ce dole ya kasance a waje, kuma dalilin ya gamsar da ni: abin da ke cikin blockquote da'awa ce cewa mai maganar ne ya faɗe shi, alhali bai faɗi sunansa da shekarar bugu a ƙarshen maganarsa ba. Tsarin da muka ɗauka shi ne figure, tambarin da ke haɗa abu da takensa, ya ƙunshi blockquote, figcaption kuma, wato taken, ya ɗauki sunan marubuci, da cite mai sunan littafi, da shekara da lambar shafi. Inda jimlar da ta gabaci tsakuren ta riga ta faɗi mai magana da littafinsa, ba na ƙara figure, domin maimaici ne.

28 ga Fabrairu, 2025

Sifar cite, wadda ake rubutawa cikin buɗewar blockquote ko q a ba ta adireshin intanet, sunanta ɗaya da tambarin amma aikinsu daban. Na tarar da ita a tsakure masu yawa, kuma a yawancinsu ita kaɗai ce madogarar. Manyan burauzoji ba sa nuna ta, ba sa mayar da ita mahaɗin da za a latsa, kuma ƙa'idar da kanta ta ce an fi nufin ta da amfanin cikin gida, kamar rubutun da ke ƙididdige tsakure, ba don masu karatu ba. Ke nan duk waɗannan shekaru marubutan suna zaton sun faɗi inda suka samo magana, mai karatu kuwa bai taɓa gani ba. Na bar sifar a inda take tunda ba ta cutar da kowa, amma kowane adireshi da ke cikinta na fito da shi fili ya zama mahaɗi a figcaption ko a jimlar gabatarwa.

Fito da su ya tona wata matsalar, wato adireshin da ya mutu. Wasu suna mayar da kuskure mai lamba 404, wato ba a sami shafin ba, wasu kuma, waɗanda suka fi haɗari, suna buɗewa lafiya amma shafin ya koma hannun wani ya zama talla. Manhajar duba mahaɗai ba ta kama irin na biyun, sai an buɗe da ido. Inda aikin yake da lambar DOI, lambar shaida ta dindindin da ake bai wa bugaggen aiki, na maye gurbin adireshin da ita ta hanyar doi.org, domin ita ba ta sauyawa ko mawallafi ya sauya gida. Inda babu, na nemi kwafin shafin a Wayback Machine na Internet Archive, taskar tsofaffin kwafin shafuka, na zaɓi kwafin da ya fi kusa da lokacin rubuta maƙalar, sannan na tabbatar kalmomin tsakuren suna cikinsa kafin na saka. Ga littafin da aka buga a takarda, cikakken bayanin bugu da lambar shafi sun fi kowane mahaɗi daɗewa.

10 ga Maris, 2025

Tsakure cikin wasu harsuna. Kowannensu ya sami sifar lang mai nuna harshe, fr ga Faransanci, ar ga Larabci, en ga Ingilishi, yayin da shafin kansa yake ɗauke da ha. Na Larabci sun sami sifar dir mai ƙimar rtl, wato rubutu daga dama zuwa hagu, in ba haka ba ayar ƙarshen jimla takan tsallaka ta koma gefen da ba nata ba. Layin ado da muka ja a gefen tsakure an rubuta shi da border-left, sai ya zauna a ƙarshen layin Larabci maimakon farkonsa. Na sauya shi zuwa border-inline-start, wanda ke bin alkiblar rubutu. Alamomin zance na waje suna bin harshen marubucin maƙala, na cikin tsakuren kuma, kamar masu kusurwa biyu na Faransanci, an bar su yadda suke a asali. Fassara tana zama a sakin layi na dabam a wajen blockquote, tare da faɗin wanda ya fassara, sai fa idan fassarar da aka buga ita ce abin da aka tsakuro.

18 ga Maris, 2025

Na saurari shafukan da aka gyara da manhajar karanta allo ta NVDA, na kwatanta da tsofaffin. Manhajar tana sanar da shiga blockquote da fita daga cikinsa, kuma da harafin Q mai sauraro yana iya tsallakawa daga tsakure zuwa tsakure. A tsohon shafi ɗaya da na gwada, latsa Q ya kai ni sanarwar edita, sannan tarihin marubuci, ya kuma tsallake tsakure biyu na gaskiya da aka karkata haruffansu kawai. A sabon shafin ya tsaya a kan maganganun da aka ɗauko, su kaɗai. Wanda yake karatu da kunne ba ya ganin tazara ko karkatar haruffa, tambarin ne kawai ke gaya masa cewa murya ta sauya, kuma wannan gwaji ya fi duk abin da na karanta a ƙa'ida nuna mini nauyin rarrabewar da aka yi a farkon Fabrairu.

Bayanan ƙasan shafi ba su da tambari nasu a HTML. Na bi hanyar da aka saba: lamba cikin sup, tambarin ɗaga rubutu sama, wadda take mahaɗi zuwa bayanin, bayanin kuma yana da mahaɗin komawa inda aka tsaya. Na ƙara musu matsayin doc-noteref da doc-backlink daga ƙa'idar DPUB-ARIA, wadda ke gaya wa manhajar karanta allo aikin kowane ɓangare. Lambar bayanin takan faɗo a ƙarshen tsakure, wato cikin blockquote, alhali ba ta cikin maganar da aka ɗauko. Inda akwai figcaption na mayar da ita can, inda babu kuma na ɗora ta a ƙarshen jimlar gabatarwa.

2 ga Afrilu, 2025

Manhajar tantancewa ta Nu Html Checker ba ta ƙara samun kuskure a kason farko na shafukan ba. Wannan yana nufin tamburan suna zaune inda nahawun HTML ya yarda, amma manhajar ba ta san ko abin da ke cikin blockquote maganar wani ce da gaske ba, balle ta san ko an kwafe ta daidai. Da muka fara gwada tsakure da littattafan asali, abokiyar aikina ta tarar da wuraren da marubuci ya yanke tsakiyar jimla bai saka ɗigo uku ba, da wurin da ya gyara kuskuren ɗab'i na asali a ɓoye, da wani da ya karkata kalma don jaddadawa bai faɗi cewa jaddadawar tasa ce ba. Ƙa'idar HTML ta yarda a taƙaita tsakure ko a ƙara masa bayani bisa al'adar rubutun harshen, don haka mun tsara cewa yankewa za ta zama ɗigo uku cikin baka biyu mai kusurwa, ƙarin kalma ma cikin irin wannan baka, jaddadawa kuma za a ambaci mai ita a figcaption.

Abin da ba mu warware ba shi ne iyakar hurumimmu a matsayin masu gyaran tsari. Saka ɗigo uku inda marubuci bai saka ba sauya rubutunsa ne, barin wurin kuma yana nufin shafinmu yana jingina wa wani jimlar da bai rubuta ta haka ba. Na ba da shawarar a bar kalmomin maƙala yadda suke, a ƙara bayanin edita a ƙasan shafi mai nuna yadda asalin yake, a kuma yi masa alamar da ta bambanta shi da bayanan marubuci. Abokiyar aikina kuma tana son a tuntuɓi marubutan da suke raye kafin a taɓa komai. An miƙa maganar ga shugaban aikin, kuma kafin amsa ta zo zan ci gaba da kaso na biyu, wanda yawancinsa maƙalun sharhin waƙa ne, inda ake tsakuro ɗango ɗaya ko rabinsa a tsakiyar jimla kuma ake nuna yankewar layi da karan tsaye mai karkata.